Kafin a goge asusun wani daga kwamfutar gida

A yawancin gidajen Damagaram da suka mallaki kwamfuta, guda ɗaya ce tak, kuma ko da mutum ɗaya ne ya biya kuɗinta, ba ta zama tasa shi kaɗai. Maigida yana rubuta takardun aikinsa a kanta, ɗansa da ke Jami'ar André Salifou yana buga kundin kammala karatu, ƙanwarsa mai shirin jarrabawar bakaloriya tana duba darussa, ƙananan yara kuma suna jiran a idar da sallar isha'i a ba su su kalli bidiyo. Ban ga aibi a wannan tarayya ba, domin haka zamanmu yake, kuma kuɗin kwamfuta ba abin wasa ba ne ga albashin malamin makaranta ko ribar mai tireda. Abin da ke damuna shi ne halin ko-in-kula da muke nunawa game da wanda yake da ikon shiga cikinta. Ko dai gidan gaba ɗaya ya taru a asusu ɗaya, wato ɓangaren da mutum ke shiga da sunansa a cikin kwamfutar, marar kalmar sirri, ko kuma a kunna ta a ga sunaye huɗu ko biyar sun jeru a gefen allo, biyu daga cikinsu ba wanda ya san ko na wane ne. Ra'ayina shi ne duk wanda yake aiki da kwamfutar a kai a kai ya cancanci asusu nasa na kansa, ikon gudanarwa ya tsaya a hannun babba ɗaya, asusun da ba su da mai su kuwa a cire su. Sai dai cire asusu hukunci ne mai nauyi, domin abin da ke cikinsa amanar wani ce, kuma a wannan gaɓar ce mutane da yawa suke yin ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Ya kamata a fara sanin inda waɗannan sunaye suke fitowa. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke hannun mutane a nan na hannu ne, an saye su a kasuwar Dole ko an ɗauko su daga Kano, bayan sun yi shekaru suna aiki a wani ofis na Turai ko Amurka. Kafin su iso hannun mai saye, wani ya sake ɗora musu Windows cikin gaggawa, ya buɗe asusu da suna irin Admin ko PC ko sunan kamfanin da ya ƙera na'urar, bai sa masa kalmar sirri ba don kowa ya kunna ya ga tana aiki nan take. Mai saye ya kai ta gida, ya buɗe wani da sunansa, ya bar na farkon yadda ya same shi. Daga baya ta sami matsala aka kai wa mai gyara, shi ma ya ƙara nasa don kada ya tsaya kiran mai ita yana tambayar kalmar sirri. Sai kuma ɗan ƴar'uwa da ya zo daga Magarya ko Gure ya zauna shekara biyu yana karatu a Lise Amadu Kuran Daga, aka buɗe masa nasa, ya gama ya koma gida, sunansa ya ci gaba da zama a allo. Akwai waɗanda Windows kanta take zuwa da su, irin su Administrateur da Invité da DefaultAccount, waɗanda a rufe suke tun asali kuma ba sa goguwa. Waɗannan ba abin damuwa ba ne muddin suna rufe, amma duk wanda ya ga Administrateur ya bayyana a allon shigarsa, ya tabbata wani ne ya buɗe shi da gangan, kuma ya dace a mayar da shi a rufe.

Haɗarin da ya fi girma yana tattare da asusun mai gudanarwa wanda aka manta da shi. Mai riƙe da irin wannan asusu yana iya ɗora kowace manhaja, yana iya sauya kalmar sirrin sauran mutanen da ke kan na'urar, yana kuma iya buɗe takardunsu da hotunansu bayan danna maɓalli ɗaya na neman izini wanda shi da kansa yake ba wa kansa. Ma'anar wannan ita ce, maigidan da ya wahalar da kansa ya zaɓi doguwar kalmar sirri, alhali a gefen sunansa akwai Admin da ake shiga ba tare da an rubuta komai ba, bai kare komai ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai gane wannan hanya cikin yini ɗaya, haka ma duk wanda ya tsinci na'urar idan ta faɗi daga kan kabu-kabu ko aka ɗauke ta daga ɗaki. A cikin asusun mutum kuwa ba takardu kaɗai ke zaune ba. Manhajar shiga intanet tana adana kalmomin sirrin Facebook da Gmail, WhatsApp ɗin da aka haɗa da salula yana nan a buɗe da duk hirarrakinsa, ga hoton katin shaida da takardar haihuwa da aka ɗauka lokacin haɗa dosiyen neman aiki.

Akwai kuma batun wuri, wanda shi ne yakan tura mutane ga gogewa. Windows 11 tana buƙatar aƙalla giga 64 na ma'ajiya da giga 4 na ƙwaƙwalwar aiki, kuma ƙananan kwamfutoci da yawa giga 128 kawai suke da shi. Idan ɗalibin da ya tafi ya bar finafinai da waƙoƙi da wasanni a asusunsa, ba wuya su cinye rabin abin da ya rage. Haka nan idan aka sauya daga wani asusu zuwa wani ba tare da na farkon ya fita ba, duk manhajojin da ya buɗe suna ci gaba da cin ƙwaƙwalwa a ɓoye, sai na'urar ta yi nauyi, batir ya ƙare da wuri, a ranar da aka ɗauke wuta ana tsananin bukatarsa.

Na san abin da wasu za su ce, domin na sha jin sa daga bakin mutanen da nake girmamawa. Suna cewa raba asusu a cikin gida ɗaya alama ce ta rowa da ɓoye-ɓoye, kuma wanda ba shi da abin kunya ba ya bukatar kalmar sirri tsakaninsa da iyalinsa. Ban yarda da wannan ba, kuma tsarin gidajenmu na Birni da Zango ya ishe ni hujja. Zaure na kowa ne, baƙo ma yana zama a cikinsa, amma kowace mace tana da ɗakinta, samari suna da nasu, kuma ba wanda ya taɓa kiran labulen ƙofa rowa. Maigida ne ke riƙe da mabuɗin ƙofar waje, amma wannan bai sa yana bankaɗa akwatin kowa ba. Galibin ɓarnar da ke faruwa a asusu na tarayya ma ba ta mugunta ba ce. Yaro ne zai ja wani dosiye da linzami ya jefa shi inda ba a sani ba, ko ƙani ya buɗe takardar yayarsa ya yi rubutu a kai ya adana, ko wani ya soka kilen USB da ya dawo da shi daga wurin buga takardu ɗauke da ƙwayar cutar nan da ke mayar da dosiyoyi gajerun hanyoyi marasa buɗuwa. Asusu na gama-gari, wanda Windows ta Faransanci ke kira Utilisateur standard, ba ya hana kowace cuta shiga, kuma ba zan yi wa kowa alkawarin haka ba, amma yana taƙaita ɓarnar ga ɓangaren mutum ɗaya, kuma duk lokacin da wata manhaja ta nemi taɓa tsarin na'urar sai an kira mai gudanarwa ya rubuta kalmar sirrinsa. Wannan tsayawar neman izini ta zo ne da Windows Vista a 2007, amma a gidan da kowa mai gudanarwa ne, ta zama tambayar da yaro ke amsawa da "Oui" ba tare da ya karanta ba. Har shi maigidan ma na fi son ya yi aikinsa na kullum a asusu na gama-gari, ya ajiye na gudanarwa don ranar bukata.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce ta iyaye, masu cewa idan yaro ya sami asusu na kansa ya fita daga idonsu ke nan. Wannan tsoro yana da tushe, kuma ba na raina shi. Amma a gaskiya raba asusu ne ke sauƙaƙa sa ido, domin a asusu na tarayya ba a iya tantance wanda ya buɗe wane shafi, sai a yi ta zargin wanda bai ji ba bai gani ba. Yaro ƙarami ya kamata iyayensa su san kalmar sirrinsa, su gaya masa a fili cewa za su riƙa dubawa, kwamfutar kuma ta zauna a inda ake wucewa. Microsoft tana da tsarin iyali da ke ƙayyade lokacin da yaro zai yi a kan na'ura, sai dai yana bukatar asusun intanet da haɗi akai-akai, abin da ba kowane gida ke iya ɗauka ba. Inda nake ja da baya shi ne lokacin da aka miƙa wannan hujja ta wuce yara ta kai ga baligai. Kasancewar na'ura ta ba mai gudanarwa ikon buɗe dosiyen matarsa ko na ƙaninsa mai shekara ashirin da biyar ba ya halatta masa yin hakan, kuma aya ta 12 ta Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin asirin juna ba ta ware abin da ke cikin kwamfuta ba. Wanda yake da damuwa game da wani baligi a gidansa, ya kira shi su yi magana.

Yanzu ga maganar gogewa kanta. A Windows 10 da Windows 11 hanyar da ta fi kusa ita ce ta Paramètres, a shiga Comptes, a je wurin sauran masu amfani, a zaɓi suna a danna Supprimer. Daga nan wani gargaɗi zai fito, a ƙarƙashinsa maɓalli mai cewa Supprimer le compte et les données, kuma abin da ya faɗa shi yake aikatawa: takardu, hotuna, abubuwan da aka sauke daga intanet da duk abin da ke kan teburin allo, wato fuskar da ake fara gani bayan an shiga, na wannan mutum suna tafiya gaba ɗaya, ba sa kuma biyawa ta kwandon shara inda za a iya dawo da su. Na ga sakamakon wannan a gidan wani maƙwabcina, dattijo mai kirki, malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda ƴar ƙanwarsa take zaune a wurinsa tana karatun jami'a. Ta tafi hutu gida, na'urar ta riƙa nuna masa jan layi cewa wuri ya cika, wani yaro ya nuna masa inda zai danna, ya danna. Ranar da ta dawo ta kunna kwamfutar, ta daɗe tana kallon allon, sannan ta fito tsakar gida ta durƙusa ta ce, "Kawu, ban ga sunana ba." Ya ce, "Ai na ɗauka kin kwashe kayanki kafin ki tafi, ƴata. Wuri ne ya cika." Ba ta ce komai ba, ta koma ɗaki. Babi uku na kundinta suna ciki, tare da amsoshin tambayoyin da ta bi gida-gida ta tattara. Mai gyara ya yi iya ƙoƙarinsa ya ceto wasu hotuna, amma ma'ajiyar irin ta zamani ce da ake kira SSD, wadda ke share gurbin abin da aka goge cikin ɗan lokaci, don haka sai wani tsohon kwafi da ta taɓa aika wa malaminta ta WhatsApp ta koma ta ɗora a kai. Dattijon ya sake buɗe asusu da sunanta yana fatan kayan za su dawo, amma Windows ba da suna take gane mutum ba, da wata doguwar lamba ce da take ba kowane asusu sau ɗaya, kuma sabon asusun fanko ya zo. Har yau idan maganar ta taso yakan sunkuyar da kai.

Saboda haka nake cewa matakin farko na cire asusu ba a kan kwamfuta ake yin sa ba, a salula ake yi. A kira mai shi a ce masa ana so a rufe, a tambaye shi abin da yake so a ajiye masa, a ba shi wa'adi mai ma'ana. Idan yana gari, ya zo ya shiga da kansa, ya kwashe kayansa a kile, ya fita daga Facebook da Gmail, ya cire kwamfutar daga jerin na'urorin da ke haɗe da WhatsApp ɗinsa. Idan ya yi nisa, akwai tsohuwar hanya ta Panneau de configuration, wadda har yanzu tana nan, kuma ita tana tambaya ko a goge kayan ko a adana su. Idan aka zaɓi Conserver les fichiers, sai ta tattara takardu da hotuna da waƙoƙi da bidiyo da abin da ke kan teburin allo ta zuba su a dosiye ɗaya. A lura cewa dosiyen Téléchargements ba ya cikin jerin da take ambata, alhali a nan ne ɗalibai suke tara littattafai da darussan da suka kashe kuɗin intanet wajen saukewa, don haka shi sai an kwafe shi da hannu. Kada kuma a yi saurin sauya wa mutum kalmar sirri daga asusun gudanarwa da nufin shiga a duba masa, domin yin hakan na iya sa kalmomin sirrin da ya adana da takardun da ya kulle su zama ba sa buɗuwa ko a gare shi.

Akwai wani tarko da ya fi shafar sababbin na'urori. Da yawa daga cikinsu suna kulle ma'ajiyarsu da kansu, kuma mabuɗin ceto, mai lambobi 48, yana tafiya ne zuwa asusun Microsoft na mai gudanarwar da ya fara shiga da irin wannan asusu. A gidajenmu wannan mutum sau da yawa ba maigida ba ne, saurayin da ya fi kowa iya latsa na'ura ne aka miƙa wa ranar da aka sayo ta. Idan aka cire shi ba a karɓi wannan mabuɗi an rubuta an adana ba, ranar da na'urar ta nemi shi bayan wani gyara, kayan kowa da kowa ne za su kulle. Cire sunansa daga kwamfutar ba ya goge asusunsa na intanet, don haka mabuɗin yana nan a wurinsa, amma neman sa bayan an rabu, musamman idan ba a rabu da daɗi ba, wahala ce da za a iya kauce mata tun farko. Haka nan kafin a cire kowane mai gudanarwa, a tabbatar akwai wani da ya rage wanda aka san kalmar sirrinsa, a rubuta ta a takarda a ajiye tare da takardun gida.

Asusun mamaci yana da nasa hukunci, kuma ina roƙon kada a taɓa shi da gaggawa. Na fahimci cewa ganin sunan wanda aka rasa kullum a allon shiga yana tayar da ciwo, musamman ga matarsa ko mahaifiyarsa, kuma wani zai so ya cire shi don tausayi. Amma a yau ɗan kasuwa ko ma'aikaci yana iya ajiye lissafin bashin da ake binsa da wanda yake bi, da hoton takardar fili, da yarjejeniyar haya, duk a cikin wannan asusu, kuma mun san ba a raba gado sai an biya bashi an zartar da wasiyya. Abin da ya dace shi ne magada su wakilta mutum biyu amintattu su buɗe tare, su fitar da abin da ya shafi dukiya da haƙƙin mutane, su miƙa hotunan iyali ga iyali, su kawar da kai daga hirarrakin da ba su shafi kowa ba. Kafin a kai ga haka ana iya dakatar da asusun ya daina bayyana ba tare da an goge komai ba, kuma duk mai gyaran da ya san aikinsa zai yi wannan cikin minti biyu.

Masu gyara su ne na fi so su ji wannan magana, domin su ne malaman kwamfuta na gaskiya a garin nan. Abin da suka yi shi mutane ke ɗauka daidai ne. Ina ganin ƙoƙarinsu, suna aiki cikin zafi da ƙura da kayan gyara masu wuyar samu. Amma barin asusun gudanarwa marar kalmar sirri a na'urar mutum, ko wanke ta gaba ɗaya ba tare da an tambayi mutum nawa ke da kaya a ciki ba, ba ƙaramin sakaci ba ne, domin wanda ya kawo na'urar sau da yawa kayansa kaɗai ya sani. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, wadda ta kafa hukumar HAPDP mai sa ido kan kare waɗannan bayanai, tana kuma da dokar 2019 kan laifukan intanet da ta haramta kutsawa cikin na'urar wani ba da izini ba. Ba na tsammanin waɗannan dokoki za su shiga tsakanin kawu da ƴar ƙanwarsa, amma sun shafi duk wanda ake biya kuɗi a miƙa masa na'ura, kuma mafi ƙarancin abin da ake nema a wurinsa shi ne ya cire asusun da ya buɗe don aikinsa a gaban mai ita kafin ya karɓi kuɗinsa.

Maganar ta ƙara zama ta gaggawa tun da Microsoft ta kawo ƙarshen tallafinta na yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, alhali tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Mutane za su yi ta kai na'urorinsu a sauya musu tsari, wasu kuma za su sayar ko su bayar da su ga ƴan'uwa a ƙauye. Ga wanda zai rabu da kwamfutarsa, goge asusu ɗaya bayan ɗaya bai wadatar ba, musamman idan ma'ajiyarta tsohuwar iri ce mai juyawa, wadda manhajojin ceto ke iya tono abin da aka goge daga cikinta ko bayan watanni. Bayan kowa a gidan ya kwashe kayansa ya kuma tabbatar da bakinsa cewa ya kwashe, sai a bi ta Réinitialiser ce PC, a zaɓi Supprimer tout, a kunna zaɓin tsabtace ma'ajiya gaba ɗaya. Aikin yana iya ɗaukar sa'o'i, kuma yankewarsa a tsakiya na iya barin na'urar ba ta tashi, saboda haka a fara shi da cikakken batir, a jone da wuta, a lokacin da ake kyautata zaton ba za a ɗauke ta ba.